Yaron da ya ci yaƙi ranar da ya yi niyyar faɗuwa jarrabawa

A ƙarshen littafin Ender's Game, wato Wasan Ender, na marubucin Amurka Orson Scott Card, an zaunar da Ender, wani yaro da bai kai shekara goma sha uku ba, a gaban na'urar koyon yaƙi, aka ce masa yau ce jarrabawarsa ta ƙarshe. Manyan hafsoshi sun cika ɗakin sun zuba ido. Da allo ya haska, sai ya ga jiragen abokan gaba sun ninka nasa kamar sau dubu, sun yi wa duniyarsu zobe kamar ƙudan zuma a bakin amya. Yaron ya riga ya gaji tiɓis. Ya daɗe rabonsa da barcin kirki, abinci ba ya shiga, har ya taɓa yanke jiki ya faɗi ana tsakiyar atisaye. Sai ya raya a ransa cewa tunda malamai sun zaɓi maguɗi, shi ma bari ya yi nasa: zai kutsa ya saki makaminsa a kan ita duniyar kanta, aikin da yake zaton babu mai hankalin da zai lamunta. In ya yi haka za su ce bai cancanci riƙe runduna ba, su sallame shi, ya huta. Ya harba, duniyar ta tarwatse, ɗaki ya kaure da sowa, wasu na kuka, wasu na addu'a. A nan ne aka gaya masa gaskiya. Tun da daɗewa ba gwaji yake yi ba. Jiragen na gaske ne, matuƙan da ya riƙa turawa mutuwa mutane ne masu rai, kuma yanzun nan ya shafe wata al'umma kakaf daga samuwa.

Wannan yana cikin littattafan da iyaye da malamai a Amurka kan miƙa wa yaro mai ƙwazo idan ana zancen baiwa da jajircewa. Ya fara fitowa a matsayin gajeren labari a mujallar Analog a 1977, aka faɗaɗa shi ya zama littafi a 1985, ya ci lambobin Nebula da Hugo, manyan kyaututtuka biyu na ƙagaggun labaran kimiyya. Ba don yara aka rubuta shi ba tun asali, yara ne suka ƙwace shi, har ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta karrama marubucin a 2008 saboda tasirinsa a kan matasa. Rundunar sojan kundumbala ta ruwa ta ƙasar ma ta sa shi cikin jerin littattafan da take son dakarunta su karanta. Abin da ya daɗe yana ba ni mamaki shi ne yadda ake karanta shi a matsayin kirarin naci, alhali nasarar da ke cikinsa ta zo ne a daidai lokacin da jarumin ya yanke shawarar ajiye kaya. Ina ganin duk wanda ya fahimci wannan guri ya fahimci abin da irin waɗannan littattafai ke yi da kalmomin nan biyu, baiwa da juriya.

Kafin Ender akwai Rico, kuma bambancin yaran biyu shi ne taswirar wannan fanni gaba ɗaya. Robert Heinlein tsohon hafsan sojan ruwa ne, ya gama makarantar Annapolis a 1929, tarin fuka ya raba shi da aiki a 1934. Daga 1947 zuwa 1958 ya rubuta wa kamfanin ɗab'i na Scribner littattafan samari goma sha biyu, kusan ɗaya kowace shekara. Na goma sha uku, Starship Troopers, sai kamfanin ya ƙi karɓa, ya kai wa Putnam, aka buga a 1959, ya ci Hugo a 1960. Jarumin, Juan Rico, ɗan masu hali ne wanda ba shi da wata baiwa ta a-zo-a-gani. Lissafi na ba shi wuya. Da ya je shiga soja ya jera sassan da yake so, aka gwada shi aka ga bai dace da ko ɗaya ba, aka jefa shi sashen da ya sa a can ƙarshe, sojan ƙasa. A sansanin horo kurata 2,009 suka fara, 187 suka gama, goma sha huɗu daga cikin sauran mutuwa suka yi. Rico ya sha bulala biyar saboda saɓa ƙa'ida a wani atisaye, ya kuma taɓa kai wa gaɓar ajiye aiki, wasiƙar wani tsohon malaminsa ce ta tsayar da shi. Duk darajarsa a littafin ita ce bai tafi ba. Ƙofa a buɗe take, kowane kurtu na iya cewa ya fasa a sallame shi a ranar, shi kuwa ya zauna.

Ana iya ƙin siyasar Heinlein, kuma mutane da yawa sun ƙi ta, domin a duniyar da ya zana ba mai jefa ƙuri'a sai wanda ya yi wa ƙasa bauta ya gama. Amma a kan batun juriya ya yi adalci ta fuska ɗaya: Rico ya kai shekara goma sha takwas, da ƙafarsa ya je, mahaifinsa ma bai so ba, kuma ya san abin da ake horar da shi ya yi. Juriyarsa tasa ce.

Ender kuwa ba a tambaye shi ba tun kafin a haife shi. A duniyar littafin doka ta hana ma'aurata wuce 'ya'ya biyu. Gwamnati ta gwada wansa Peter ta ga basira kamar wuta amma mugunta ta yi yawa, ta gwada yarsa Valentine ta ga basirar iri ɗaya amma tausayi ya yi yawa, sai ta ba iyayen izinin haihuwar na uku da fatan a samu tsaka-tsaki. Wato yaron oda aka yi. An liƙa masa na'ura a ƙeya ana bibiyar duk abin da ya gani da wanda ya ji, yana shekara shida aka cire ta don a ga yadda zai yi idan ya zaci ba mai tsaronsa. A ranar wasu yara suka tare shi, ya kayar da shugabansu Stilson, ya ci gaba da shurinsa yana kwance. Da Kanar Graff ya zo gida ya tambayi dalili, amsar da yaron ya bayar ita ce ta sama masa gurbi a makarantar yaƙi: yana so ne ya ci wannan faɗan da duk waɗanda za su biyo baya, don a ƙyale shi.

Wannan tunani na cewa hukuma za ta iya tace jama'a ta tsamo mai baiwa kamar yadda ake rairaye zinariya ba ƙagen marubuci ba ne. A 1917, da Amurka ta shiga yaƙin duniya na farko, masanin halayyar ɗan Adam Robert Yerkes ya jagoranci shirya gwajin ƙwaƙwalwa ga kurata, aka gwada mutum wajen miliyan 1.7. Daga bariki wannan al'ada ta gangaro makarantu. Da Tarayyar Sobiyat ta harba tauraron Sputnik a 1957, hankalin Amurka ya tashi, majalisa ta yi dokar ilimi don tsaron ƙasa a 1958, aka zuba kuɗi wajen gano yara masu kaifin ƙwaƙwalwa a lissafi da kimiyya. Card, wanda aka haifa a 1951, a cikin wannan iska ya tashi. Yaro mai hazaƙa a zamanin nan kadarar ƙasa ce, kamar rijiyar mai. Littafin kawai ya ja wannan tunani ne har ƙarshen igiyarsa.

To amma da a ce baiwa ce kaɗai a labarin, da ba wanda zai karanta shi sau biyu. Daɗinsa yana tsakiya, inda ake ganin yaron yana aiki. Makarantar tana shawagi ne a sararin samaniya, kuma zuciyarta wani ƙaton ɗaki ne da babu nauyi a cikinsa, inda rundunonin yara arba'in-arba'in ke fafatawa da bindigogin haske masu daskarar da rigar wanda aka harba. An ɗaga Ender zuwa runduna tun bai isa ba, kwamandansa Bonzo Madrid ya ji haushi, ya hana shi atisaye, ya hana shi harbi. Sai wata yarinya, Petra, ta riƙa koya masa saiti da safe. Da yamma, lokacin da kowa ke hutu, ya tattaro ƙananan yaran da suka zo tare, waɗanda ba wanda ya ɗauka a bakin komai, suka riƙa gwada dabaru da kansu. Ya lura cewa kowa na shiga ɗakin da sama da ƙasan da ya baro a farfajiya, alhali a ciki babu sama babu ƙasa. Sai ya koya wa mutanensa su ɗauki ƙofar abokan gaba a matsayin ƙasa, su faɗa mata da ƙafa a gaba, ta yadda jiki zai ƙanƙance ga mai harbi, ƙafafun da aka daskarar kuma su zama garkuwa. Da aka ba shi tasa rundunar, maimakon kashi huɗu na mutum goma kamar yadda kowa ke yi, ya raba ta kashi biyar na mutum takwas, kowane kashi na iya rabuwa biyu, ya sakar wa ƙananan shugabanni mara su yanke shawara a fage. Ya kan zauna shi kaɗai yana maimaita kallon tsoffin hotunan yaƙin da aka yi da baƙin halittun da suka kawo wa duniya hari daga sararin samaniya, yana koyon dabara daga wajen abokin gaba tunda ya ƙure malamansa.

Wannan kashi na littafin gaskiya ne ƙwarai game da yadda gwaninta ke samuwa. Ba maimaita abu ɗaya sau dubu ba ne, neman inda kake da rauni ne ka tsaya a kai, ka sami mai gyara maka, ka tambayi abin da kowa ya ɗauka ba ya tambayuwa. Shi ya sa sojoji ke son littafin, shi ya sa kuma yaro mai ƙwazo ke ganin kansa a ciki. (Akwai wani ɗan wuri da mai karatu Musulmi ba zai wuce bai tsaya ba. A makarantar an danne addini, amma ranar da za a raba Ender da abokinsa Alai, sai Alai ya sumbaci kumatunsa ya raɗa masa kalmar salam. Ender bai san ma'anarta ba, ya dai gane an ba shi wani abu mai tsarki da aka ɓoye wa kowa.)

Sai dai a lura da wanda ke shirya wahalar. Tun a cikin jirgin da ya ɗauko su daga ƙasa, Graff ya tsaya gaban sauran yara ya yabi Ender shi kaɗai, ya ce sauran tarkace ne. Da gangan ya yi, don su tsane shi. Duk lokacin da yaron ya fara samun abokai sai a ɗauke shi a kai wani wuri. Da rundunarsa ta fara cin nasara sai aka riƙa karya ƙa'idar wasan: faɗa kullum maimakon lokaci-lokaci, faɗa biyu a rana ɗaya, a ba abokan karawa damar shiga ɗaki tun kafin a sanar da shi, daga ƙarshe runduna biyu a kan tasa ɗaya. Da Bonzo ya shirya kashe shi a banɗaki, malamai sun sani, suna kallo, suka ƙi shiga tsakani. Manufar Graff a fili take a littafin: kada yaron ya taɓa tsammanin wani babba zai kawo masa ɗauki. Bahaushe na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, amma ko mai tanƙwarar ya san akwai inda in aka wuce sai karaya. Graff ya san wurin, lissafinsa kawai shi ne iccen ya kai ranar yaƙi kafin ya karye.

A nan ne nake ganin ana yi wa littafin gurguwar fahimta. Mai karatu ɗan shekara goma sha uku yana ganin jarumi da aka taru a kansa bai durƙusa ba. Abin da ke rubuce a shafin kuwa shi ne manya sun gano yaron ba ya iya barin abu a tsakiya, suka mai da wannan hali linzami. Juriyarsa ita ce igiyar da aka ja shi da ita. Kafin ranar ƙarshe, sau ɗaya ya yi yunƙurin tsinke ta: bayan faɗan banɗakin da ya yi ajalin Bonzo aka dawo da shi ƙasa, ya tare a bakin wani tafki ya haɗa 'yar kwale-kwalen katako, ya ce shi ya gama. Me Graff ya yi? Ya ɗauko Valentine, mutum ɗaya tilo da yaron ke ƙauna, ya kai ta ta lallashe shi. Ƙaunar ma an sa ta a aiki.

Masana sun yi ta jayayya a kan wanne ya fi, baiwa ko naci, kuma abin sha'awa shi ne binciken da ya fi shahara a kan naci a makarantar soja aka yi shi. Angela Duckworth da abokan aikinta sun buga sakamakonsu a 2007, bayan sun bibiyi ɗalibai sama da 1,200 da suka shiga West Point, makarantar hafsoshin Amurka. Makarantar na da nata ma'auni da ke haɗa sakamakon jarrabawa da ƙarfin jiki da alamun shugabanci. Duckworth ta ba ɗaliban 'yan tambayoyi a kan dagiya da riƙe buri na dogon zango, sai ya zamana waɗannan tambayoyi sun fi ma'aunin makarantar iya hasashen wanda zai jure makonnin farko na horo mai tsanani. Labari ya bazu, littafinta na 2016 ya yi kasuwa, makarantu suka shiga koyar da dagiya. Amma a dubi su waye aka gwada: matasan da aka riga aka tace aka sake tacewa. Idan kowa a ɗaki mai ƙwaƙwalwa ne, dole abin da zai bambanta su ya zama wani abu daban. Daga baya, a 2017, wani nazari da ya tattara bincike masu yawa ya nuna tasirin wannan dagiya bai kai yadda aka zuzuta ba, kuma kusan ita ce tsohuwar ɗabi'ar nan ta kula da aiki aka sauya wa suna. Haka zancen cewa sai da awa 10,000 na atisaye ake zama gwani, wanda ya samo tushe daga binciken Anders Ericsson na 1993 a kan masu koyon goge irin na Turawa a Berlin. Da Brooke Macnamara da abokanta suka tattara alƙaluma a 2014, sun ga atisaye mai tsari na bayyana kashi 26 cikin ɗari na bambancin gwaninta a wasannin ƙwaƙwalwa irin su dara, 21 a kiɗa, 18 a wasannin motsa jiki, 4 a karatu. Yana da muhimmanci, amma ba shi ne duka ba.

Makarantar yaƙin Ender ita ce West Point ɗin da aka kai maƙura. Kowane yaro a cikinta gwani ne da aka tsamo daga miliyoyi. Saboda haka idan littafin ya nuna naci na raba gwani da gwani, gaskiya ya faɗa, amma bai ce komai ba game da yaron da ba a ɗauka ba. Wannan yaron ba ya ma cikin labarin.

Wannan ɓoyayyen sharaɗi yana bin fannin har yau. Card da kansa, da ya koma ya sake ba da labarin a 1999 ta idon Bean, wani ƙaramin yaro na rundunar Ender, ya fara da shi yana ɗan titi a Rotterdam, yunwa na neman kashe shi, yana rayuwa da wayo da taurin rai. Kana cikin jinjina wa ƙoƙarinsa sai a bayyana cewa an taɓa ƙwayoyin halittarsa tun yana ƙwai, basirarsa aikin ɗakin gwaji ce. A Skyward na Brandon Sanderson, wanda ya fito a 2018, Spensa yarinya ce da aka yi wa mahaifinta tambarin ragon da ya gudu daga fagen fama. Ta kutsa makarantar tuƙin jirgin yaƙi da ƙyar, aka hana ta ɗakin kwana da abincin makaranta, ta koma kwana a kogo tana farautar ɓeraye, kullum tana takawa zuwa aji. Labarin naci ne tsantsa, har zuwa inda aka gano cewa abin da hukuma ke kira tawaya a jininsu wata baiwa ce da ta gada daga uban. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ban ce wannan aibi ne ba, labarin na da daɗi. Amma a san abin da ake sayarwa: ana yabon gumi a shafi ɗari uku, sannan a shafin ƙarshe a ce ai dama jini ne. Dalilin kuma ba ɓoyayye ba ne. Yaron da ke karatu a lungu, wanda 'yan ajinsu ke tsokana, ba ya son a ce masa yi ta ƙoƙari kamar kowa. Yana son a ce masa shi daban ne, kuma wata rana za a gane.

Mafi zafin suka da aka yi wa littafin Card ta wannan ƙofa ta shigo. A 2004 marubuci John Kessel ya rubuta maƙala yana cewa an gina labarin ne da gwaninta don a samar da mai kisa marar laifi. Ender ya kashe Stilson yana shekara shida, ya kashe Bonzo, ya hallaka al'umma guda, amma kowane karo an tsara yanayin ta yadda ba shi ya fara ba, bai yi niyya ba, bai ma san ya kashe ba. Mai karatu na samun daɗin ramuwa ba tare da ɗaukar nauyinta ba. Kessel na ganin wannan guba ce mai zaƙi ga matashin da ke jin an zalunce shi. Ina tare da shi rabin hanya. Gaskiya ne an wanke Ender fiye da kima. Sai dai littafin bai wanke manyan ba, kuma shi Ender bai karɓi wankin ba. Mazer Rackham, tsohon jarumin da ya zama malaminsa na ƙarshe, da Graff, sun faɗa masa dalilin yaudarar ƙiri-ƙiri: suna bukatar wanda tausayinsa ya kai ya shiga zuciyar abokin gaba ya fahimce shi, amma mai irin wannan tausayi ba zai taɓa yarda ya yi kisan ba in ya sani. Don haka dole ya zama yaro, dole kuma a ɓoye masa. Wato baiwar da suke nema ba saurin lissafi ba ce, tausayi ne, kuma sun san tausayin zai ƙi su, shi ya sa suka rufe masa ido.

Ga mai karatu a Landan ko Los Angeles, yaro a fagen yaƙi wasan tunani ne. A wajenmu ba haka ba ne. Dokar duniya ta ɗauki sa yaro ƙasa da shekara goma sha biyar a yaƙi a matsayin laifin yaƙi, kuma hukuncin farko da kotun manyan laifuka ta duniya ta yanke, a kan Thomas Lubanga na Kwango a 2012, a kan wannan laifi ne. A arewa maso gabashin Najeriya an ga yadda Boko Haram ta riƙa ɗaura wa ƙananan yara bam, kuma a watan Mayun 2019 aka sallami yara 894 daga sahun 'yan sa-kai a Maiduguri. Waɗanda suka yi aiki da irin waɗannan yara a ƙasashe daban-daban sun sha bayyana abin da ke sa masu ɗaukar makami son yaro: yana da biyayya, yana koyo da sauri, bai gama sanin mutuwa ba, kuma yana son a yabe shi. Cire jiragen sama jannati da rigunan haske, dalilan Graff ke nan. Bambancin kawai shi ne Graff na da hujjar da ta fi kowace girma, ceton ɗan Adam baki ɗaya, kuma marubucin ya ba shi ita ne don gardamar ta yi wuya. Daga baya ma sai aka gane baƙin halittun ba su da niyyar dawowa. Sun fahimci kuskurensu, sun kasa samun hanyar faɗa ne kawai.

Akwai wata 'yar aukuwa da ba a cika ambata ba, wadda a ganina ta fi faɗan banɗaki nauyi. A makonnin ƙarshe, lokacin da Ender ke jagorantar abokansa a abin da suke zaton gwaji ne, ya fi dogara da Petra saboda iyawarta. Ya yi ta ɗora mata, ita kuma ba ta taɓa cewa ta gaji ba, har ranar da ta sanƙare a tsakiyar faɗa, jiragenta suka tarwatse. Daga nan ba ta sake komawa yadda take ba. Ender ya gane shi ya karya ta, kuma ya karya ta ne da irin hannun da aka karya shi. Haka ya yi wa Bean a ranar farko, ya ware shi ya tsokane shi a gaban jama'a, sannan ya koma ɗaki yana tambayar kansa me ya sa ya yi abin da Graff ya yi masa. Horon ya shiga jini har ya fara yaɗuwa da kansa.

Don haka idan aka dawo ɗakin jarrabawar ƙarshe, abin da ya faru ya fi yadda ake ba da shi ɗaci. Shekara biyar ana gina yaro a kan kada ya bari. Ranar da ya ce ya bari, ya zaɓi hanyar da yake ganin za ta sa a kore shi, sai ta zama ita ce ainihin abin da ake so ya yi. Mazer ya riga ya jefa masa maganar duniyar kafin a fara, da Ender ya tambayi batun makamin kuma ya bar masa shawara. Ƙin yardarsa ma an yi lissafinta. Rico na da ƙofar fita bai bi ba. Ender ya bi tasa da gudu, ya tarar ita ma cikin gidan take kaiwa.

Bayan yaƙi an gurfanar da Graff gaban kotun soja saboda yadda ya yi da yaran. A wajen shari'ar aka nuna hotunan faɗan Stilson da na Bonzo, a nan Ender ya tabbatar duka biyun sun mutu. Kotu ta wanke Graff, aka ba shi ministan kula da sababbin matsugunai a duniyoyin da yaƙin ya bari babu kowa. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Shi kuwa Ender ba a bar shi ya sake taka ƙasa ba, domin kowane ɓangare na son ya mallake shi ko ya kawar da shi. Ya bi jirgin 'yan ƙaura tare da Valentine, a can ya tsinci ƙwan sarauniyar halittun da ya hallaka, guda ɗaya da ta rage, ya naɗe ta ya ɗauka yana bin duniyoyi yana neman inda zai ajiye ta ta ƙyanƙyashe. Wannan aikin ba wanda ya gwada shi a kai, ba wanda ya sa shi, kuma littafin ya rufe bai samu wurin ba tukuna.